Abin da aikin gini ya koya mini game da sola, inuwa da siminti

A shekarun da na yi ina kula da ayyukan gini, duk lokacin da aka ta da maganar gini mai kiyaye muhalli, abin da masu gida suka fi nema shi ne a jera musu faifan sola a kan rufi. Ban ga laifinsu ba, domin farashin faifan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma abu ne da kowa zai gani ya yaba. Sai dai aikin ya koya mini cewa sola ce ya kamata ta zo ƙarshe a lissafi, bayan an san yawan wutar da ginin zai ci, wannan kuwa tun a kan takardar zane ake yanke shi.

Idan aka fuskantar da manyan tagogin gilashi yamma a ƙasa mai zafi, aka kuma yi rufin kwano ba tare da abin tare zafi a ƙarƙashinsa ba, ranar la'asar za ta dafa ɗakunan, na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki har tsakar dare, lokacin da faifan ya daɗe da daina kawo wuta. Daga nan sai a shiga ƙara batir a kan batir, alhali shi ne ya fi saurin mutuwa a cikin kayan. Juya fuskar ginin, da tsawaita bakin rufi don ya yi wa bango inuwa, da sanya tagogi suna kallon juna yadda iska za ta ratsa, duk ba su da wani tsada muddin ba a zuba tubali ba, amma da zarar bango ya tashi to bakin alƙalami ya bushe.

Akwai waɗanda suka nuna haka a aikace. Cibiyar Eastgate, wani ginin shaguna da ofisoshi da ke Harare ta Zimbabwe, wadda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996, tana jawo iskar dare mai sanyi ta ratsa kankarenta, da rana kuma kankaren ya shanye zafin ofisoshin. Francis Kéré, wanda ya samu babbar kyautar masu zanen gini ta Pritzker a 2022, ya gina makarantar firamare a Gando ta Burkina Faso a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwanon sama da silin domin iska mai zafi ta samu mafita.

Darasin da ya fi yi mini nauyi shi ne na siminti, wanda samar da shi ke fitar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma fiye da rabin iskar daga jikin dutsen take fita, ba daga makamashin da aka ƙona ba, don haka ko da sola aka kunna masana'antar matsalar na nan. Shi ya sa nake bin labarin simintin LC3, wanda ake maye wani kasonsa da gasasshen yumɓu, abin da kan rage iskar da kusan kashi 40 cikin ɗari. A wurin aiki kuwa, magina kan ƙara siminti "don ƙarfi", wasu 'yan kwangila kuma su rage shi don riba. Na farko ɓarna ce, na biyu kuwa kan jawo rushewa da asarar rayuka, kuma lissafin injiniya kaɗai ke raba gardamar.

Wurin da na fi shan wahala shi ne shawo kan mai gina gidan sayarwa ko na haya, domin shi zai biya kuɗin abin tare zafi a yau, ɗan haya kuma shi zai mori ragin kuɗin wuta na tsawon shekaru. Irin wannan mutum ba kasafai yake saurare ba sai dokar gini ta wajabta masa, ko kuma masu saye sun fara tambayar kuɗin wuta nawa gidan ke ci a wata kafin su sa hannu.