Ludayi uku ne, Malama

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa kwamfutar hannu da katin shaidar aiki, na sa hannu a takardar sallama. Jakar marafan kwalba ce kawai ba wanda ya tambaye ni, sai na taho da ita gida. Shekara huɗu ke nan ina yawo da ita a ƙauyukan Gombe, daga wannan firamare zuwa waccan, muna gwada fahimtar yara 'yan aji ɗaya da aji biyu. Abokan aiki sun ce in rubuta wa sababbin da za a ɗauka abin da na koya. Na zauna na jera abubuwa sun kusa ashirin, sai na ga duk wanda ya yi wata uku a fili zai san su ba sai an gaya masa ba. Guda ɗaya ne ba na so kowa ya koya ta hanyar da ni na koye shi.

A shekarata ta farko, cikin hunturu, aka tura mu wata makaranta a hanyar Dukku. Ni aka ba gwajin ruwa. Kun san shi: kofi biyu iri ɗaya, ruwa daidai wa daida, ki tambayi yaro ko ɗaya suke, ya ce e. Sai ki juye ɗaya a doguwar kwalba siririya a kan idonsa, ki sake tambaya. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, wanda muke kira Piyaje a aji, shi ya fito da shi. Ya ce yaron da bai kai shekara bakwai ba tsawon ruwan ke ruɗarsa, sai ya ce na kwalba ya fi yawa. Daga wajen bakwai ɗin ne yake gane cewa tunda ba a ƙara ba, ba a rage ba, ruwan yana nan yadda yake. Tun ina NCE na haddace wannan, na ci jarrabawa da shi, kuma na yarda da shi ba tare da tambaya ba.

Aka turo mini wata 'yar Fulani mai jan ɗankwali, rajista ta ce shekararta takwas. Tun da ta zauna a tabarma ba ta ɗaga kai ba. Tambayar farko ta gyaɗa kai. Na juye ruwan na sake tambaya, ta yi shiru. Na maimaita da ƙarfi, ta nuna kwalba. Na ce, "Kin tabbata?" Ta nuna kofi. Na ce, "To wanne ne?" Ta koma kan kwalba. Da muka zo kan gwajin marafan kwalba, inda ake jera su layi biyu daidai sannan a baza ɗaya, shi ma haka muka yi. Minti goma sha biyu aka yanka mana a kan kowane yaro, ga layi a bakin ƙofa, ga ƙura, ga direba yana duba agogo. Na ba ta sifili, a gurbin bayani kuma na rubuta cewa tana da jinkirin fahimta.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi, domin a kwamfuta lamba ce take wakiltar yaro, ba suna ba. Amma da muka tashi, hedimasta ya sa aka kawo mana ruwa, ya ce, "Malama, yaya kika ga yaran namu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sun yi ƙoƙari. Sai dai waccan mai jan ɗankwalin, a sa mata ido, kanta bai kama ba tukuna." Malamar ajinsu tana tsaye a wurin. A horon da aka ba mu an ja mana kunne cewa sakamakon yaro ba ya fita daga bakinmu. Na san da haka. Na faɗa ne don ina ganin taimako nake yi, kuma, in zan faɗi gaskiya, don ina so a san cewa na san aikina.

Da damina muka koma zagaye na biyu. Na kira lambarta, ba ta. Malamar ajin ta ce mini, ko a jikinta, "Ai babanta ya cire ta. Tunda likitocin ƙwaƙwalwa daga Gombe suka ce ba ta da kai, ya ce gara ta taya uwarta tallan nono." Magana zarar bunu ce. Daga bakina zuwa malama, daga malama zuwa uwar, daga uwar zuwa rugarsu, har mun zama likitoci.

Ranar ta dace da cin kasuwar garin, direba ya tsaya zai sayi hatsi, ni kuma na sauka neman kindirmon da zan kai gida. A layin masu nono na gan ta, zaune gefen uwarta da ƙaramar ƙwarya. Ta gane ni, ta sunkuyar da kai. Na rasa abin da zan ce, sai na miƙa mata robar abincina na ce ta zuba mini ludayi uku. Robar mai faɗi ce, nonon ya kwanta a ƙasa kamar ba komai. Bakina ya riga ni, irin na kowane mai saye, na ce, "Kai, 'yammata, wannan ai bai kai ba."

Ba ta dube ni ba. Da Hausarta mai karyewa ta ce, "Ludayi uku ne, Malama. Robarki ce mai faɗi. In kin juye a gora zai hau sama."

Na ba ta ɗari biyar, kafin in gama lissafi a raina ta miƙo mini canji daidai.

Wannan amsa tata, kusan kalma da kalma, ita ce a takardarmu ta ba da maki a matsayin cikakkiyar amsa. Yarinyar da na rubuta wa jinkirin fahimta ta san abin, kuma ta iya bayyana dalilinsa da harshen da ba nata ba. Har muka iso Gombe robar tana kan cinyata, ban iya magana da kowa ba.

Daga nan na shiga karatun da ya kamata in yi tun kafin in taɓa ɗan wani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba wani sabon abu na gano ba. An sani tun ba a haife ni ba. A 1974 wasu masu bincike biyu, Rose da Blank, sun nuna cewa maimaita tambayar kanta tana karkatar da yaro: da suka yi tambayar sau ɗaya tak, bayan an sauya jerin abubuwan, yara 'yan shekara shida da yawa suka amsa daidai. In haka ne a Amurka, ina ga nan? A gidajenmu in babba ya sake yi wa yaro tambayar da ya riga ya amsa, ma'anarta ɗaya ce: ba ka faɗi daidai ba, gyara. Ni kuwa sau uku na tambaye ta, da ɗaga murya. Duk lokacin da ta sauya amsa biyayya take yi mini, ni ina rubuta mata rashin fahimta. Sunkuyar da kan ma tarbiyya ce. Kunya, abin da Fulani ke kira semteende, ita aka koya mata a gaban baƙuwa babba mai takarda a hannu.

Wata mai bincike, Patricia Greenfield, ta yi irin gwajin nan da yaran ƙabilar Wolof a Senegal, aka buga shi a 1966. Yaran da ba su shiga boko ba sukan ce ruwan ya ƙaru ne saboda ita ce ta juye shi, kamar akwai wani siddabaru a hannun baƙuwar. Da ta bar su suka juye da hannunsu, da yawa suka ce ai yana nan yadda yake. A birnin Recife na Barazil kuma, a wani bincike da aka buga a 1985, an gwada yara masu talla: a bakin sana'arsu kusan duk lissafin da aka jefa musu sun ci, amma da aka rubuta musu lissafin nan dai a takarda irin na makaranta, ko rabi ba su ci ba. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a hannun yarinya a tsohuwar kasuwar Gombe ya san wannan ba labarin Barazil kaɗai ba ne.

Sai batun harshe. Muna alfahari cewa mun fassara kayan gwajinmu zuwa Hausa, muna kafa hujja da aikin Farfesa Babs Fafunwa da ya fara a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare suka yi zarra, Turancinsu ma bai koma baya ba. Amma Gombe ba Ife ba ce. Hausa harshen kasuwa ne a wurin ɗan Tera da ɗan Tangale da ɗan Waja da ɗan Bolewa da ɗan ruga, ba lallai shi ne harshen da uwarsa take yi masa faɗa da shi ba. Yarinyar nan ta san Hausar ciniki. Hausar "wanne ya fi yawa, ko kuwa daidai suke?" daga bakin baƙuwa wani abu ne daban.

Na tattara wannan duka a shafi biyu na kai wa shugaban tawagarmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai gyara a gwajin ruwa." Bai ɗaga ido daga kwamfutarsa ba. Ya ce, "Malama, ke mai tattara bayanai ce. Tsara kayan gwaji ba huruminki ba ne, kuma masu ba da kuɗi sun riga sun amince da shi." Na ce to a ba ni mota ta yini ɗaya da wasiƙa mai hatimin ofis, in kai wa uban yarinyar ya san babu likitan da ya ce 'yarsa ba ta da kai. Nan ne ya dube ni. Ya ce ba a ware kuɗin wannan ba, kuma rubuta wasiƙa amsa laifi ne a rubuce. "In kin matsa, sunanki ne zai hau takardar tuhuma, ba nawa ba."

Laifin nawa ne, ban taɓa musu ba. Da ya ba ni takardar tuhumar ya haɗa mini da wasiƙar, da na karɓa hannu biyu. Abin da ban manta ba shi ne, bayan shekara ɗaya da rabi, a wani taron bita a otal, ya tsaya gaban manyan baƙi yana bayanin sauye-sauyen da ya ce shi ya lura da buƙatarsu: a yi tambaya sau ɗaya, a bar yaro ya juye da hannunsa, a nemi mai jin harshen gidan yaro. Jerin ma bai sauya ba, yadda na rubuta haka ya karanto. Aka tafa masa. Ina zaune a layin baya ina riƙe da takardar sa hannun mahalarta. Na ji daɗi gyaran ya shiga, yara da yawa sun amfana, saura kuma na bar shi da Allah. Ku da za ku shigo, duk shawarar da za ku bayar ku tura ta imel, da kwanan wata, ku sa wani na uku a ciki.

Rugar kuwa na je, da kuɗina, a kan acaɓa, tare da wata abokiyar aiki mai jin Fulatanci. Muka sami uban a gindin bishiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, ni ce na yi maganar nan, kuma kuskure na yi. 'Yarka tana da kai, ta fi da yawa daga cikin waɗanda na gwada." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Malama, wancan karon kun zo da mota da takardu, kuka ce ba ta da kai. Yau kin zo a bayan mashin, ba takarda, kin ce tana da shi. Wanne zan ɗauka?"

Ban sami amsa ba. Na san binciken Rosenthal da Jacobson na 1968, inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice, alhali a ka kawai aka zaɓe su, kuma a ƙananan azuzuwa yaran suka fi ci gaba. Masana sun yi ta jayayya a kan girman tasirin. Ni dai na ga yadda kalma ɗaya daga bakin mai takarda ta yi aiki ta ɗaya ɓangaren, kuma ban iya janye ta ba. Bai mayar da ita boko ba. Ya ce tana zuwa makarantar allo da yamma, ya isa. Uwar ta biyo mu da ƙwaryar nono kyauta, wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ku gwada yaro bayan ƙarfe goma sha ɗaya ba ku tambaye shi ko ya karya ba, don sau da yawa yunwa za ku auna. Yaron da ba ya amsawa, ku zaga bayansa ku kira sunansa a hankali. Yara biyu na samu da ciwon kunne ana ce musu daƙiƙai. Ku zauna a tabarma tare da shi, kujerar hedimasta ku bar masa abarsa. Wanda kuka gani ƙarami ƙwarai a kan shekarunsa, ku tuna kwana dubu na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, da abin da tamowa take bari. Wannan na asibiti ne, ba na bulala ba. In yaro ya kasa, ku ɗan taɓa masa hanya ku ga inda zai kai, domin abin da yake iyawa da ɗan taimako shi ne wani masani ɗan Rasha, Vygotsky, ya ce malami ya fi buƙatar sani, ko da fom ɗinmu ba shi da gurbin rubuta shi. In hedimasta ya tambaye ku yaya yara, ku ce sun yi ƙoƙari, ku sha ruwanku, ku yi godiya.

Wata mai kamawa zan fara koyar da 'yan aji ɗaya a wata makaranta a nan cikin gari, shi ya sa na riƙe marafan. Abin da na fara roƙon hedimastan shi ne a ba ni jerin yaran da harshen da kowa yake yi a gida. Ya ce ba a taɓa tambayarsa wannan ba, amma zai sa a tattara.

Bara aiki ya sake bi da mu ta kasuwar nan. Ta girma, ƙwaryarta ta zama babba, kuma na lura ita ke riƙe da kuɗin uwarta da na wasu mata biyu da ke gefensu, ita ke ba kowa canji. Na miƙa roba na ce ludayi uku. Ta auna, ta rufe ƙwaryar da faifai, ba ta ɗaga kai ba.