Ruhubanawan Doguwar Mutuwa

Asabar, Samaru.

Yau bayan sallar la'asar muka zauna wasan Dungeons & Dragons a zauren gidanmu, ni ne mai jan labari, sauran kuma kowa na riƙe da takardar jaruminsa. Wasan nan, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, tatsuniya ce da ake ƙagawa tare, ƙwayar lido mai fuska 20 kuma ita ke raba gardama a kan abin da ya yiwu da abin da ya gagara.

Ƙanina da ke karatu a harabar jami'a ta Kongo a Zariya ya zo da buƙatar ya riƙe ɗaya daga cikin ruhubanawan Doguwar Mutuwa, wata ƙungiya a cikin Forgotten Realms, duniyar almara da Ed Greenwood ya ƙirƙiro. Abin da ya ja shi shi ne ƙarfinsu, kuma lallai akwai shi a ƙa'idojin da aka buga a 2015: a mataki na 3, duk abokin gabar da jarumin ya kayar a gabansa yana ƙara masa juriya, a mataki na 6 yana iya jefa tsoro a zuciyar wanda ke kallonsa cikin tazarar ƙafa 30, a mataki na 11 kuma yana iya ƙin faɗuwa ko da sara ya kai inda ya kamata ya kwantar da shi.

Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne hanyar da suke samun wannan ilimi. Suna kama masu rai, su zuba musu ido yayin da rai ke fita, su rubuta abin da suka gani dalla-dalla, sannan su mai da shi dabarun faɗa. Na ce masa ban yarda a kira wannan girmama mutuwa ba. Ya ce, "Yaya, ai su ba sa tsoronta, kowa kuma gudunta yake yi." Na amsa masa cewa dattawan unguwarmu da ke fita da diga da shebur da zarar an yi sanarwar rasuwa, da waɗanda ke wanke mamaci su suturta shi ba tare da sun faɗa wa kowa abin da idonsu ya gani ba, su ma ba sa gudunta, amma mutuncin mamaci suke karewa, alhali waɗannan ruhubanawa sun mai da mai gargara abin nazari.

Mun daidaita a kan ya riƙe jarumin, amma a matsayin almajirin da ya gudo daga gidan ƙungiyar ɗauke da littafin da aka sa shi ya rubuta. A fagen farko na haɗa shi da wata tsohuwa da ke neman ɗanta, wanda sunansa ke cikin littafin. Ya daɗe yana juya ƙwayar a hannu bai jefa ba, daga bisani ya ce jaruminsa zai nuna mata inda aka binne yaron. Kiran magariba ya tashe mu kafin su isa wurin, don haka a daren nan zan zana taswirar maƙabartar da hanyar da 'yan ƙungiyar za su biyo sawunsa.