Haruffa Masu Ƙugiya da Albashina na Wata Guda

A makon jiya na miƙa makullin ɗakin zane na maɗaba'ar da na yi wa aiki shekara shida, kuma cikin duk ayyukan da suka bi ta hannuna, wanda ya lalace shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Wata makaranta ce ta kawo aikin kalandar bikin yaye ɗalibai, mai hoton kowane ɗalibi da sunansa a ƙasa. Sun turo hoton ta bara ta WhatsApp da sharaɗin a yi ta bana daidai da ita, har salon haruffan, wato abin da muke kira font a shago. Fayil ɗin asali ya ɓata, hoton kuma da waya aka ɗauke shi a karkace, WhatsApp ya matse shi har gefunan haruffan sun dushe. Na miƙar da shi a Photoshop, na mayar da shi baƙi da fari, na yanko layin da ya fi fitowa, wanda sunan makarantar ne da Turanci, na ɗora a WhatTheFont na kamfanin MyFonts, manhajar da ke neman font daga hoto. Wanda ya fito a sama na sayarwa ne, oga kuma bai taɓa yarda a sayi font ba, saboda haka na koma WhatFontIs, wanda yakan nuna na kyauta masu kama da shi. Na sauke ɗaya, na gwada shi a kan hoton, ya zauna daram.

Abin da ban bincika ba shi ne ko font ɗin yana da ƙ da ɓ da ɗ. Ba shi da ko ɗaya. Photoshop kuwa yana da tsarin da idan ya rasa harafi a font ɗin da aka zaɓa sai ya aro daga wani ya cike gurbin, ba tare da ya tsayar da aiki ba. A fuskar kwamfuta, sunaye sama da ɗari a ƙananan haruffa, cikin dare, janareta na shirin shanye mai, ban ga komai ba. Sai da aka buga aka yanke, na ɗaga guda ɗaya a hasken rana, na ga kowane Ɗahiru da Ɗanjuma da Baƙo yana ɗauke da siririn harafi guda a tsakiyar masu kauri, kamar baƙon haƙori a baki.

Shugaban makarantar ya ƙi karɓa, kuma yana da gaskiya. A gabansa oga ya kira ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai na kawo maka samfurin ka duba ka sa hannu." Ya ce, "Ni ne mai kwamfutar ko kai?" Aka cire albashina na wata guda. Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba, amma wanda ya hana sayen font, ya karɓi aikin kwana huɗu a kan kwana biyu, ya kuma duba samfuri a tsaye yana amsa waya, shi ma yana da kasonsa, kuma bai ɗauka ba.

Daga ranar na fahimci cewa waɗannan manhajojin ba sa gaya wa mutum sunan font, kamanni kawai suke nuna masa daga cikin abin da ke rumbunsu, bisa haruffan da ya nuna musu. Na nuna musu Turanci, suka amsa mini a kan Turanci. Da na bi diddigi sai na gane dalilin da ya sa haruffanmu ke yawan faɗuwa: a tsarin Unicode, wanda ke bai wa kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ba wuri ɗaya suke ba, Ƙ da ƙ da Ɓ da Ɗ suna wani rukuni na ƙarin haruffan boko, ɓ da ɗ ƙanana kuma suna rukunin alamomin furuci, kuma mai ƙera font don kasuwar Turai ba lallai ya leƙa ko ɗaya daga cikinsu ba. Tun daga lokacin, duk font ɗin da manhaja ta ba ni, kafin komai sai na rubuta "Ɓarawo ya ɓoye ƙudan zuma a ɗakin Ɗan Ƙaura" da shi, na faɗaɗa har ya cika fuskar kwamfuta, idan aikin na mutanen Nijar ne na ƙara da ƴ. Idan ya kasa, gara na gaya wa mai aiki gaskiya na koma kan Andika ko Charis ko Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, ko Noto na Google, waɗanda suke da haruffan cikakku.

Ido ma sai an horar da shi, domin manhaja takan kawo amsoshi goma masu kama da juna. Helvetica, wanda Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957, da Arial na 1982, kusan tagwaye ne, amma bakin C da S na Helvetica a kwance aka yanke shi, na Arial a jirge, haka kuma kan t na Arial a jirge yake, ƙafar R ɗinsu ma ta bambanta. Idan hoto ya yi muni ƙwarai, Identifont ya fi amfani, saboda tambayoyi yake yi a kan siffar harafi ɗaya bayan ɗaya. Allon shago da mai fenti ya rubuta da hannu kuwa ba shi da font, nemansa ɓata lokaci ne.

Ga shafin intanet, ɗaukar hotonsa a kai wa manhaja wahalar banza ce, tunda sunan yana cikin shafin. A Chrome, a danna dama a kan rubutun, a zaɓi Inspect, a shiga Computed, a can ƙasa Rendered Fonts zai nuna font ɗin da aka yi amfani da shi a zahiri da adadin haruffan da kowanne ya ɗauka, don haka idan an aro ƙ daga wani wuri nan take za a gani. WhatFont, ƙaramar manhaja da ake liƙa wa Chrome, ya fi sauri ga mai gaggawa. Fayil ɗin PDF kuma Acrobat yana jera sunayen font ɗinsa a cikin bayanansa. A tambayi mai aiki ko yana da PDF kafin a karɓi hoton waya.

Cikin shekara huɗu da suka biyo baya, babu aikin Hausa da ya sake dawowa shagon saboda harafi, har marubuta suka riƙa turo mana juna. Na bar wa yaron da zai gaje ni jerin font ashirin da uku da na gwada da hannuna, da jimlar gwajin a manne a jikin bango kusa da kwamfuta. Ranar sallama oga ya yaba mini a gaban ma'aikata, na gode masa, amma maganar albashin wancan watan bai tayar ba.