Afrilu a Istanbul, rabin hankalina na kan batirin gida

Jama'a kwana biyu kun ji ni shiru, Istanbul muka leƙa ni da Yaya. Ita saro ya kai ta, dama can Laleli take ɗauko abaya da kayan yara, ni kuwa raka ta na yi da sharaɗin in ta gama lissafinta za mu ga gari, dan ba zan yi awa shida da ɗoriya a jirgi daga Abuja in ƙare a shagon jakunkuna ba.

Sai aka yi dace Afrilu ne, watan da furen tulif ke buɗewa. Hukumar birnin ce ke shuka shi ko'ina, bakin titi, shataletale, harabar masallatai, amma in kana so ka ga abun da gaske sai ka je lambun Emirgan, can gefen Bosforus. Wallahi ban taɓa sanin fure zai iya sa mutum ya tsaya ya yi shiru ba. Ja, rawaya, fari, wani ruwan hoda, wani kuma ya yi duhu har ya kusa baƙi, an jera su layi-layi suna gangarowa daga kan tudu, ga tsofaffi a kan benci da ɗan kofin shayinsu, ga amare da angwaye ana ta ɗaukar hoto, kuma shiga kyauta ne. A ciki akwai tsofaffin gidajen shaƙatawa uku, mai rawaya da mai ruwan hoda da fari, na zamanin Isma'il Pasha sarkin Masar, yanzu wajen cin abinci ne. Yaya da ke cewa wai me za a kalla a ciyawa, ita ta fi ni cika waya da hoto.

Mutane da yawa sun ɗauka furen 'yan Holan ne, alhali daga hannun Turkawa ya shiga Turai a ƙarni na 16. Har wani zamani gare su a tarihi, 1718 zuwa 1730 lokacin Sultan Ahmed na uku, da suke kira da sunan furen saboda yadda fada ta haukace a kansa. In ka lura ma yana jikin tangaran ɗin bangon masallatansu. Yaya ta so ta sayo irin ta shuka a tsakar gida, na ce ta ajiye kuɗinta, abun ƙwallo ne kamar albasa kuma sai ya kwana cikin ƙasa mai sanyi makonni da yawa kafin ya yi fure, zafin Kano dafa shi kawai zai yi. Mu dai namu shi ne ƙamshin furen darbejiya da daddare, shi ma ba laifi.

Sauran yawon da katin Istanbulkart muka yi, tarago, bas, jirgin ruwa duk shi ne. Mun yi Sultanahmet, mun ci burodi da kifi a Eminonu (Yaya ta ce ba yaji, gaskiyarta), mun haye Uskudar ɓangaren Asiya mun dawo. Inda ya fi taɓa ni Eyup ne, wajen kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda. Ku tafi da rigar sanyi dai, iskar bakin ruwa da yamma ba wasa.

To duk wannan yawon, bini-bini ina duba waya, ba dan saƙo ba, batirin gida nake kallo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya zama sai dole, 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, shi ne muka haɗa kuɗi da ƙannena muka sa wa Hajiya sola. Fanel shida masu wat 550, inbata 5kVA, sai batirin lithium ɗaya mai ɗaukar yunit biyar. Ya fi na ruwa tsada sosai amma ba ruwanka da zuba masa ruwa duk wata, kuma ya fi daɗewa. Inbatan na haɗe da intanet, so daga Istanbul ina ganin nawa rana ta bayar, nawa gida ke ja.

Ana cikin haka na ga abun da fanel ke bayarwa ya yi ƙasa, ga shi na san rana ake ƙwallawa a Kano, digiri arba'in da wani abu. Na kira ƙanina na ce Auta yaushe rabonka da hawa sama, ya fara kame-kame. Ƙura ce kawai. Washegari da asuba ya wanke da ruwa da tsumma mai laushi, lambar ta ɗaga. Da sassafe ake wankewa ko da yamma lis, kar a watsa ruwan sanyi kan gilashin da ya ɗau zafi. Kuma abun da mutane ba su sani ba, zafi kansa na rage wa fanel ƙarfi, haske yake so ba ƙuna ba, shi ya sa ake barin tazara tsakaninsa da kwano iska ta dinga wucewa.

Dokar gidan guda ce, aiki mai nauyi da rana. Famfon bohol, guga, injin markaɗe, duk tsakanin hantsi da azahar lokacin da fanel ke ciyar da gida kai tsaye, firiza ma a bar ta ta daskare da rana, dare kuma fanka da fitila da caji. Hajiya ce kaɗai ba ta yarda da dokar ba, ita sai bayan isha'i take tuna da gugar mayafi, in na yi magana ta ce ke da kike wata uwa duniya ina kika gani. Ai kuwa ina gani, ƙarfe tara batir ya zube daga kashi saba'in zuwa hamsin da wani abu. Mun dai yanke da su Auta kafin damina ta kankama za a ƙaro batir na biyu, dan in hadari ya rufe kwana biyu a Agusta wannan ɗayan ba zai kai asuba ba.