Wata bakwai a kan a-kori-kura guda

A bayan babbar mota aka ɗauko ta zuwa garejina da ke Kakuri, don tayoyinta huɗu sun daɗe da ruɓewa. Fijo 404 ce, a-kori-kura, ta fi shekara ashirin tana ajiye ƙarƙashin darbejiya a wani gida a Zariya. Wanda ya kawo ta matashi ne ɗan kasuwa. Motar mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa, da ita ya yi ta jigilar hatsi daga Giwa da Maƙarfi har ya gina gidan da aka haife su.

Bayan mun gaisa sai ya ciro waya ya nuna mini hoton wata mota ja, rufinta ƙasa-ƙasa, injinta a waje yana ƙyalli. Ya ce, "Baba, irin wannan nake so a mayar da ita."

Na san irin motar. Amurkawa suna kiranta hot rod. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka fara abin tun wajen shekarun 1930: su sayi tsohuwar Ford, su cire duk abin da ke ƙara mata nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi tsere a busassun tafkunan hamada. Wadda suka fi ji da ita ita ce Ford ta 1932, shekarar da kamfanin ya fito da injinsa mai silinda takwas. Sukan yanke ginshiƙan rufi su sauke shi ƙasa da inci uku ko huɗu. Aiki ne mai kyau, ina girmama masu yinsa. Amma na ce masa, "Ɗana, dubi gilashin gaban waccan, a miƙe yake kamar faranti, mai yankan gilashi zai rage shi yadda ake so. Na 404 a lanƙwashe yake. In na sauke rufin nan, ina za mu samo gilashin da zai zauna a ramin?" Ga kuma ginshiƙan a karkace suke, kana rage tsawonsu rufin zai gaza, sai an tsaga shi an yi masa ƙari a tsakiya. Ya yi shiru. Muka daidaita a kan za a bar mata siffarta, a ɗan sassauto da ita ƙasa, a sa mata faffaɗan wili, bakanike kuma ya ji da inji. Jiki nawa ne.

Ina da dalilin da ya sa ban so a taɓa siffar ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana 404, ta fito a 1960, kuma a nan Kakuri aka riƙa haɗa Fijo tun 1975. Maigidan da ya koya mini fanel bita a wannan masana'anta ya fara aiki, shi ya nuna mini yadda layin da ya taso daga fitilar gaba yake tafiya har ƙarshen ƙofa ba tare da ya karye ba. Duk wanda ya gyara motar nan ya ɓata wannan layi, ko ya zuba mata fenti mai tsada, idon da ya san ta zai gane.

Abin da na fara yi shi ne ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika na bi jikin da shi. Inda ƙarfe yake sai ya kama, inda aka cika fila, wato kwaɓin da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota, sai ya zame ya faɗi. A madigadin dama bai kama ba ko sau ɗaya. Da muka kankare, sai ga fila mai kaurin ɗan yatsa, a ƙarƙashinta an liƙa guntun kwanon rufi da waldar tagulla. Wani ya yi wannan aiki shekaru da yawa baya, ya karɓi kuɗinsa. Wannan ita ce cutar sana'armu a yau. Fila ba haramun ba ce, ni ma ina sa ta, amma shafe ce ta ƙarshe, bai kamata kaurinta ya wuce milimita biyu zuwa uku ba. In ta yi kauri, rana ta buga, ƙarfe ya motsa, sai ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci daga ciki mai mota bai sani ba.

Sa'ar da muka yi ita ce motar Arewa ce. Wadda ta zauna a Legas iskar teku mai gishiri kan cinye ta har ƙashi. Wannan kuwa tsatsar ta tsaya a wuraren da na zata: daɓen ƙarƙashin ƙafar direba, mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga, da gindin ƙofofi inda ƙura ta toshe ramukan fitar ruwa. Madigadin kam ba ya gyaruwa. Na aika Panteka, na aika Ƙofar Ruwa a Kano, abin da aka samo bai fi wanda muke da shi ba. Sai na ce to, za mu ƙera.

Na sayi falankin ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya. Madigadin hagu lafiyarsa ƙalau, saboda haka daga jikinsa na ɗauki awo: na manna takarda a kansa, duk inda ta tattare na san nan ƙarfe zai tsuke, duk inda sai na tsaga ta kafin ta kwanta na san nan zai miƙe. Sana'ar nan gaba ɗayanta abu biyu ce, miƙar da ƙarfe da tsuke shi. Na yanka kwali guda tara bisa lanƙwasar kowane sashe, na juya su don su zama na dama, na lanƙwasa siririn rodi na yi ƙwarangwal ɗin da zan riƙa gwadawa a kai.

Turawa suna da na'ura mai taya biyu da ake tura falanki a tsakani har ya lanƙwashe sumul. Ba ni da ita. Abin da nake da shi tsohon turmi ne na ƙirya wanda na rage wa zurfi, da buhun fata cike da yashi, da gudumar itace. Kana ɗora falanki a bakin turmi kana dukan tsakiya, sai ya fara zurfi kamar ƙwarya, gefensa kuma ya tattare. Waɗannan tattarar ba a yanke su, a hankali ake danne su har ƙarfen ya shige cikin kansa ya ƙara kauri. Bayan nan falankin duk ƙulu-ƙulu ne kamar buhun goro. Daga nan ake komawa kan ƙaramar maƙera ta hannu da guduma mai faɗin baki, bugu ƙanana dubbai, kowanne yana hawa rabin na baya. Kunne ke aiki a nan fiye da ido: in guduma ta sami maƙera daidai za ka ji ƙara siririya, in ta kuskure sai ka ji ta dushe. Zagayen fitila kaɗai ya ci mini kwana goma sha ɗaya, kuma na farkon da na yi na ajiye shi gefe na sake wani, don ya yi siriri a baki.

Gida uku na ƙera madigadin sannan na haɗa. Da gas nake walda, kabad da oksijin, saboda ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma ɗinkinsa yana da taushi, yana karɓar guduma. Baki da baki nake haɗa ƙarfe, ba na ɗora wani kan wani, don tsakanin ninki biyu nan ruwa ke kwana. Ɗigo a nan, ɗigo can nesa, a bari ya huce, a buga, a dawo. Mai gaggawa ya ja layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, zafi ya murɗe masa falankin gaba ɗaya. Inda ya kumbura yana ɓal-ɓal in an danna, sai in gasa wuri kamar faɗin kwabo har ya yi ja, in bubbuga kewayensa, in ɗora jiƙaƙƙen tsumma, nan take ya ja jikinsa.

A zamanin maigidana da dalma ake cike bakin walda, a narka ta a shafe da katako. Na iya, amma na daina tun 2010 da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara. Yara biyar nake da su a shago, ba zan sa su shaƙi ƙurarta ba.

Daɓe da gindin ƙofofi ba su ba mu wahala ba, yaran ne ma suka yi rabin aikin, ni dai na nuna musu yadda ake fitar da jijiya a falanki don kada ya riƙa lotsawa.

Maganar kuɗi kuwa, irin wannan aiki ba ya riƙe gareji. Abin da ke biyan haya da abincin yara shi ne Golf da Sharon da Keke Napep da aka goga wa gefe, a kawo da safe a ɗauka da yamma. A-kori-kurar sai bayan la'asar nake samun zama a kanta, da ranar Lahadi. Shi ya sa tun farko na raba masa aikin mataki-mataki, kowane mataki da kafin alƙalaminsa, na kuma ce ya riƙa zuwa yana gani kafin a rufe da fenti. Sau biyu ya ƙosa. A karo na biyu na miƙa masa guduma da guntun falanki na ce ya fitar mini da ƙwarya. Ya yi minti ashirin yana bugu, ya ajiye, ya ce, "Baba, a yi a hankali."

Mun gama ƙarfe a tsakiyar hunturu, amma na hana a yi fenti sai da ƙura ta kwanta, don ba mu da rufaffen ɗaki, kuma ƙurar hunturu in ta sauka a ɗanyen fenti sai an sake gogewa. Launin asali muka samo a bayan murfin akwatin dashbod inda rana ba ta taɓa kai wa ba, ruwan madara mai ɗan duhu, mai haɗa fenti ya gwada sau huɗu kafin ya dace.

Ranar da ya zo ɗauka, na ba shi maganaɗisun nan na ce ya zagaya da shi. Ya kama tun daga fitilar dama har ƙofar baya. Ya buɗe ƙofar direba ya tura da yatsa biyu, ta rufe da ƙara guda.

Kwalayen tara da ƙwarangwal ɗin rodi suna rataye a bangon shago, na rubuta 404 dama a jikinsu. Babban yarona ya ɗauki zagayen fitilar da na ajiye gefe, kullum bayan an tashi yana zama da shi a bakin turmi.