Darasin da na ɗauka daga yaran da aka ɓoye wa 'yan Nazi

A kwas ɗin tarihin Yaƙin Duniya na Biyu an ba mu nazari kan yaran Yahudawa da aka ɓoye a Turai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wahalar mayar da yaro hannun danginsa bayan an tsirar da ransa.

A Beljiyam, Andrée Geulen, malamar makaranta mai shekara ashirin da 'yan kai, takan karɓi yaro daga hannun uwarsa, ta laƙaba masa sunan Kirista, ta kai shi gidan manoma ko makarantar sistoci. Uwar ma ba a gaya mata inda aka kai shi. Ƙungiyar ceton yara da take wa aiki ta rarraba bayanan yaran a littattafai daban-daban: sunan gaskiya a nan, na bogi a can, adireshi a wani, lamba kaɗai ke haɗa su. Ko Gestapo, 'yan sandan sirri na Nazi, sun kama littafi ɗaya, sun tashi a tutar babu. Aikin akawu ne a ido, amma da shi aka gano yaran bayan an kori Jamusawa.

Sai dai sanin suna bai kashe rigima ba. A Faransa, iyayen Robert da Gérald Finaly sun mutu a Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kisan gilla, bayan an kama su a 1944. Antoinette Brun, shugabar gidan renon yara a Grenoble, ta riƙe yaran, ta cece su. Da gwaggonninsu suka zo nema, ta ce atafau ba ta bayarwa, har ta sa aka yi musu baftisma a 1948. Kotu ta ba dangi gaskiya, amma aka tsallaka da yaran zuwa ƙasar Sifen a ɓoye, sai a 1953 aka miƙa su, suka tafi Isra'ila.

Mun yi musu sosai a aji. Duk wanda ya taɓa ganin ranar da aka zo karɓar ɗan riƙo ya san zafin da Brun ta ji. Duk da haka ina bayan gwaggonnin, don amana aka ba ta. Yaran kuwa, suna da shekara 12 da 11, sai da suka sake koyon harshe da addini daga farko.

Da yawa irinsu sun girma ana ce musu ai sun yi sa'a, su yi shiru. Sai a 1991 kimanin 1,600 daga cikinsu suka haɗu a New York, wasu kansu ya yi furfura kafin su fara ba da labarinsu.