Talata: Sa Hannun Baba

Ƙarfe biyar da rabi na ba Baba ƙwayar levodopa ta farko, maganin cutar Parkinson da yake fama da ita, da ruwa zalla. Tun farko likita ya ja mana kunne cewa nama, wake da madara suna tare wa maganin hanya a ciki, shi ya sa koko da ƙosai sai an yi rabin awa. Asuba a zaune ya yi ta. Kafin maganin ya kama, jikinsa sandarewa yake yi, maɓallin riga ɗaya sai ya ci minti biyar, kuma kada Allah ya sa ki miƙa hannu ki ce za ki saka masa.

Yau ce ranar tantance 'yan fansho. Na yi lissafina tsaf: in muka isa takwas, za a gama da mu jikinsa na sake. Ina! Sai sha ɗaya saura aka kira lambarmu, ƙarfin ƙwayar safe ya tafi, ta ƙarfe goma kuma ba ta kai ga kamawa ba.

A bakin ƙofar ofishin ƙafafunsa suka kafe. Masu cutar Parkinson sun san wannan, mutum yana son takawa amma kamar an liƙe shi da ƙasa, kuma an fi samun haka a ƙofa ko wurin juyawa. Na bayanmu suka fara tsaki. Na raɗa masa, "Baba, hagu, dama, hagu, dama," irin yadda yake ba 'yan firamare fareti a da. A ƙirga na huɗu ya ɗaga ƙafa. Wata dattijuwa ta ja mayafina ta ce, "'Yar nan, wannan ai sammu ne, ku nemi malami." Na ce mun gode, Hajiya. Na gaji da bayanin cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, kuma tun 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya rubuta alamominta. Addu'a kam muna yi, asibiti ma muna zuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma'aikacin ne. Bai ko dubi Baba ba, ni ya tambaya: "Yana gane mutane kuwa?" Fuskar Baba ba ta motsi yanzu, muryarsa ta shige, sai a ɗauka ba kowa a ciki. Na ce, "Ga shi nan, Malam, tambaye shi." Baba ya faɗi lambar fayil ɗinsa da ka, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba.

Sai sa hannu. Mutumin da ya yi shekara 35 yana rubutu a allo, wanda 'yan unguwa ke kawo wa wasiƙa don kyan hannunsa, yau ya fara da babban harafi, ya ƙare da wasu 'yan ƙanana kamar jerin tururuwa. Ma'aikacin ya ce bai yi daidai da na fayil ba, mu dawo wani satin. Na ajiye masa takardar likita, na ce ƙanƙancewar rubutu na cikin cutar, wani satin ma haka zai gani. Ya ɗaga kafaɗa. Sai na ce ko ya taɓa ganin Muhammad Ali yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, hannu na rawa? Ya ce ƙwarai. Na ce to ita ce. Ya yi jim, ya shiga wurin oga, ya fito da tawadar dangwale. Na riƙe wuyan hannun Baba har ya dangwala. Da za mu fita ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba," wannan karon yana kallonsa.

Yaya ya bugo bayan Magariba, ya ce sannu da ƙoƙari, zai turo kuɗin magani. Allah ya saka masa, maganin ba arha ba. Amma da zai zo ya kwana biyu ya riƙa juya Baba a gado da dare, da bayan Inna ya huta.

Bayan Isha Baba ya kira ni. "Uwata, samo mini littafi mai layi, irin na 'yan aji ɗaya." Na ɗauko na Ummi. Har yanzu yana falo da biro, ya cika rabin shafi da sunansa. Saura ƙwayar dare, ƙarfe goma.